Layar da Ba a Ɗinka Ba

Baba Mati, ajiye basillar nan,
inuwar dalbejiya ta kai bakin rumfa.
Jiya ka tambaye ni me nake leƙe a asibiti
tun safe har kasuwar Marwa ta watse.
Na ce jini. Ka ce me ya ɓata a cikinsa?
Na rasa ta cewa.
Yau na zo da amsa, kuma a tabarmarka na tsince ta.

Miƙo mini layar can da ba ka rufe bakinta ba.
Takarda a ciki, an rubuta, an naɗe,
fata a waje, tana tsare rubutu daga gumi.
To haka take, abar da muke ce wa birus:
saƙo siriri kamar zare
da gidan da ya lulluɓe shi. Shi ke nan.
Ba ta ci, ba ta sha, ba ta numfashi.
A kan cokali, tsakuwa ma ta fi ta motsi.

Ka ce, ashe matacciya ce.
Ban ce ba. Malamanmu ma a nan suka rabu.

Ka tuna ƙwallon da ka haɗa wa Ɗanlami
da ragowar fatar majema, ƙyalle bisa ƙyalle?
Gidanta ma guntaye ne na furotin, iri guda,
suna kama juna ba allura ba zare
har su ta da ɗaki mai fuska ashirin,
kowace fuska kusurwa uku.
Wasu ba ruwansu da ɗaki,
zaren suke bi suna nannaɗewa
yadda kake yi wa ƙotar wuƙa.

Akwai masu riga, amma ba saye suka yi ba.
In za su fita daga ƙwayar jikin mutum
sai su yagi bangon su yafa,
baƙon da ya kwana ya tafi da bargon mai gida.
Rigar maiƙo ce, duk an kafe ta da ƙayoyi,
kowace ƙaya mabuɗi,
kowane mabuɗi da ƙofar da ya sani.
Wata hanta take nema, wata maƙogwaro,
ta awaki kuwa ta wuce ka ko sallama babu.

In ta shiga, takardar kawai take miƙawa.
Ɗauka wani ya faɗo rumfar nan
ya ba yaranka wasiƙa, suka zaci daga gare ka take,
suka yar da takalma, suka yar da jakar Hajiya Tabawa,
suka duƙufa ɗinkin laya guda, ɗari, dubu,
har fata ta ƙare, rumfa ta rufta,
layu suka bazu layin dukawa.

Ƙyandar da ta kwantar da Ladiyo bara mai riga ce,
mai riga kuwa sabulu ke tsiraita ta.
Shan-innar da ta lanƙwashe ƙafar Kawu Barau
tsirara take yawo, ita ce mai taurin rai,
tana iya jira a kududdufin Kaliyawo.
Rigakafin da kake wa tsaki
nuna wa jiki fuskar ɓarawo ne kafin dare.

Ka ce, Kubura, ke kin gan ta?
A'a, Baba. Madubinmu bai kai can ba.
Sawunta nake gani a jini, hotonta a littafi.

Ka yi dariya har goro ya sarƙe ka.
Ka ce shekara arba'in kana ɗinka layu,
ba ka taɓa warware ɗaya ka karanta ba.

Sai ka jawo fatar akuya, ka wasa aska,
ka ce, ashirin kika ce, ko?
Riƙe mini nan. Mu ga in za ta rufu.